Rabin Wasan Kaftin Makbul

Ba wanda ya kawo wa Hure labarin, da idonta ta gani. Bayan la'asar ne, a filin ƙasa da ke bayan titin Mansur, inda aka rushe tsofaffin gidaje aka bar wurin fayau a gindin dutse. Ta kafa kularta ta zoɓo da tiren gyaɗa kamar kullum, samarin unguwa suka fito atisaye, sai ta hango usur a wuyan Muhannad. Mai usur ɗin kuwa, Kaftin Makbul, yana can gefe a kan bulo yana hura ƙwallaye da famfo.

Wasa ɗaya ya rage. Ranar Juma'a ƙungiyar Mansur za ta kara da 'yan Rusaifa a wasan ƙarshe na gasar unguwanni, matakin da ba ta taɓa takawa ba. Kuma babu wanda bai san cewa bayan wannan Juma'ar Kaftin zai koma ƙasarsu ba, komawar da ba dawowa. Kamfanin sharar da ya kawo shi Makka ya ce ya tsufa, ba za a sabunta masa igama, takardar izinin zama, ba. Wasan da ya kwashe shekara ashirin da ɗoriya yana jira, shi ne na ƙarshe gare shi, kuma ga shi an ba shi famfo.

Ta rufe kular ta nufe shi.

"Kaftin, me ya kai usur ɗinka wuyan wancan yaron?"

"Hajiya, bari," in ji shi, da Hausarsa ta fili wadda ya tsinta a bakin yara. "Muhannad yarona ne. Ya yi karatun koci. Yana da shahada, takardar shaida."

"Shahadar me? Ba kai ka koya masa ɗaura takalmi ba?"

"Marwan shugaban ƙungiya ya ce haka ya fi."

"Kai kuma ka ce to."

Ya danna ƙwallon da babban yatsa ya ji ta yi tauri, ya ajiye, ya ɗauki wata.

Abin da ke ƙona ran Hure da mutumin nan ke nan, haƙurin tsiya. Ta san shi tun yana da baƙin gemu. Ita ta zo aikin hajji daga Gumel ta zauna, ba takarda ba komai, ta raini ɗanta guda, Ɗan'auta, a ɗakin haya a saman dutse. Lokacin da yaron ya fara bin masu shaƙe-shaƙe a lungu, ba liman ya janyo shi ba, ba dattawan unguwa ba. Wannan Babangalen ne, mai sharar titi da safe, ya kama kunnensa ya kai shi fili ya ce ya tsaya a raga. Daga baya an kama Ɗan'auta a wani samame an mayar da shi gida, amma ya koma da hankalinsa, yanzu yana da mata da shagon walda a Kano. Hure ba ta manta wanda ya ajiye mata shi ba.

Tarihinsa kuwa a gutsure ta same shi, yau kaɗan gobe kaɗan, yana tsaye yana shan zoɓo bayan an tashi. Makbul Hawladar sunansa. Ƙasarsu duk ruwa ce, ya ce, kogi a gaba kogi a baya, in damina ta sauka fili ya zama kunu. Da wani irin ƙaton lemo suke ƙwallo suna yara, ba takalmi, su buga har ya fashe su tsinko wani. A cikin taɓo ya koyi tare mutum. Aka gan shi aka kai shi Dhaka, babban birninsu, ya zama ɗan baya na hagu a wata ƙungiya mai jar riga. Hure ba ta taɓa riƙe sunan ƙungiyar ba, harshenta ya ƙi. Abin da ta riƙe shi ne yadda idonsa ke yi in ya zo wurin da filin ya cika har mutane suka hau rufin gidaje da bishiyoyi, suna kiran sunansa. Sai gwiwa ta tafi, a wata rana ta ruwa. Ya koma horar da ƙananan 'yan wasa. Sai jama'ar ƙasar suka juya wa ƙwallo baya suka koma wani wasa na sanda, ƙungiyoyi suka bushe. Sai kogi ya cinye gonar ubansa, gefe-gefe, har gidan. Daga nan sai tsintsiya a Makka.

Ranar hutunsa ta farko ya zo wucewa ya ga 'ya'yan Hausawa suna tumurmusa a kan ƙwallo ɗaya kamar kaji a kan tsaba. Ya tsaya ya kasa tafiya. Ya raba su gida biyu, ya ce kai tsaya nan, kai koma can. Bai sake barin filin ba.

To wannan shi ne mutumin da aka ba famfo.

Washegari Hure ba ta dafa zoɓo ba. Ta ja abayarta ta sauko daga dutse ta nufi shagon wayoyin Marwan. Marwan haifaffen Makka ne, kakansa ya zo da ƙafa daga Katsina, shi yana da takardar ɗan ƙasa da mota da tumbi. Shi ne shugaban ƙungiya, shi ke sayen riguna. Shi ma ta gan shi da majina a hanci yana gudu a wannan filin, Kaftin na bin sa da tsawa.

"Ahlan, Inna Hure! Shigo, shigo. A kawo shayi?"

"Riƙe shayinka. Uban wa ya ce ka cire Kaftin?"

Yaran shagon suka sunkuyar da kai. Marwan ya yi dariyar yaƙe.

"Ba cire shi aka yi ba, Inna. Tanzim ne kawai, gyaran tsari. Yana nan tare da mu."

"Na gan shi tare da ku. Tare da famfo."

"Inna, ki saurare ni." Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe da Larabci. "Ke a bayan shingen fili kike tsayawa, ba kya jin abin da ake faɗa. Wasan da ya wuce, tun daga farko har ƙarshe 'yan kallo suna rera wa yaranmu waƙa, wai a miƙo wa kocinku tsintsiya ya share raga. Yaro ɗaya kuka ya yi a mota. Ranar Juma'a za a ɗauka a waya, duk Makka za ta gani, manyan baƙi za su zo. In bar su su shiga da wannan a kansu? Kuma wallahi Muhannad ya iya aiki. Rabin abin da ya kawo mu nan dabararsa ce, tambayi Kaftin da kansa."

Hure ta san ba ƙarya ya yi ba, abin da ya ƙara tunzura ta ke nan.

"Kai da suke rera waƙar, me suke kiranka?"

Marwan ya kau da kai.

"Na ce me suke kiranka? Ba Takaruni ba? Kakanka a nan aka binne shi, ubanka a nan aka binne shi, har gobe in ka taka wa wani ƙafa a layi sai ya tuna maka launin fatarka. Ka taɓa cire fatar ka ajiye a gefen fili? Shi ne yau ka samu wanda kai ma za ka ji kunyarsa. An ci moriyar ganga, ko?"

"Inna, aib, a gaban yara..."

"Aibun yana can kan bulo yana hura ƙwallo."

"Halas, an riga an yanke. Ki yi haƙuri."

Ta dube shi sama da ƙasa. Babu kotun da za ta shiga, mace marar igama ko ƙofar ofis ba ta isa ta raɓa ba. Amma akwai kotun da ba ta tambayar takarda.

Hajiya Khalida, uwar Marwan, tana zaune a Tandabawi, a wani tsohon gida da ya tsira daga rusau. Hure ta sha yi mata wanke-wanke a biki. Ta same ta a falo ƙafa a miƙe, ana shafa mata man zafi. Aka gaisa, aka tambayi jiki, aka tambayi Ɗan'auta. Sannan Hure ta zazzage komai, ba ta rage ba.

Hajiya Khalida ta tafa hannu. "Makbul? Wanda ya goyo min Marwan har gida ranar da ya karye? La haula! Ɗan banzan yaro. Miƙo min wayar nan."

A gaban Hure ta kira shi. Larabci ta yi masa, mai zafi, Hure na tsintar abin da ta tsinta. Da ta ajiye ta juyo tana haki.

"Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Na ce masa in bai ba dattijon nan girmansa ranar Juma'a a gaban jama'a ba, kada ya sake tako min gida. Za a yi masa takrim irin wanda ba a taɓa yi wa kowa ba a Mansur."

Hure ta yi godiya har da ƙwalla. Ta hau dutse tana jin kanta sakayau. Ta san takrim, ta ga ana yi wa limamai da tsofaffin malamai: a kira sunan mutum, a tafa, a ɗaga shi sama da kowa. Me ya fi wannan?

Ranar Juma'a filin ba nasu ba ne. Na haya ne a Rusaifa, mai ciyawar roba, an kewaye shi da waya. Hure ba ta son fita unguwa, amma ta biya mai ɗan kurkura ya kai mata kula, ta kafa a waje daf da waya. Daga nan tana ganin komai. Ga bencin 'yan Mansur a hagu, Muhannad a tsaye. Can a tsallake an kafa rumfa da jajayen kujeru da darduma, ana zagayawa da gahawa da dabino. A ƙofar shiga askarawa biyu na tsaye.

Kafin a take wasa, mai lasifika ya kira Kaftin Makbul Hawladar. Ya fito da sandarsa, cikin sabuwar farar jallabiya da Marwan ya ɗinka masa, ta yi masa yawa a kafaɗa. Marwan ya sumbaci goshinsa, ya miƙa masa allon girmamawa mai ƙyalli a cikin akwatin karan-miski. Aka tafa, har 'yan Rusaifa suka tafa. Aka kama hannunsa aka kai shi rumfa, sahun gaba, tsakanin mai unguwa da wani attajirin kayan gini.

"Yawwa!" in ji Hure da ƙarfi, har mai sayen gyaɗa ya waiga. "Ko ku fa!"

Aka busa usur.

Hure ba ta taɓa iya kallon ƙwallo ba, shekarun nan duka Kaftin take kallo, daga jikinsa take sanin ko ana ci ko ana shan kashi. Yau ma shi ta sa wa ido. Yana zaune, akwatin a cinyarsa, hannu biyu a kai. 'Yan Rusaifa suka kwararo ta hagu, ta ga ya yunƙura, bakinsa ya buɗe, sai ya dubi mai unguwa a damansa ya rufe bakin. Ya koma ya zauna. Attajirin ya karkato yana yi masa wata doguwar magana, Kaftin na gyaɗa kai, wuyansa na leƙe ta bayan kafaɗar mutumin. Mai gahawa ya zo ya tsaya a gabansa, ya tare masa fili. Ya karɓa don a wuce, ya rasa inda zai ajiye finjalin. Lafiyayyar ƙafarsa tana ta motsi a ƙarƙashin jallabiya, tana tare ƙwallon da ba ta nan.

Sannu a hankali murnar Hure ta huce kamar kunun safe.

Ba a yi ihu a sahun manya. Ba a zagin ɗan baya a kusa da mai unguwa. Su a wurinsu girman tsoho shi ne a raba shi da rana, a zaunar da shi a inuwa, a cika masa hannu da abin da ba zai iya ajiyewa ba. Ita ma haka ta sani, shi ya sa ta yi godiya har da hawaye. Gara ma bulo, a kan bulo ko ba komai yara na jin muryarsa. Marwan ya cika umarnin uwarsa tsaf, ya kuma samu abin da yake so, yau babu mai waƙar tsintsiya. Wa zai yi wa baƙo mai farar riga waƙa? Kuma ita Hure ita ta kai ƙarar da ta haifi wannan kujera.

Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. 'Yan wasa suka zube a gaban benci. A rumfa aka shigo da farantan kayan zaƙi.

Hure ta dubi ƙofa, ta dubi askarawan. Irin wannan kakin ne ya tafi da Ɗan'auta. Shekara da shekaru in ta hango shi sai ta canja lungu. In ɗayansu ya ce ina igama, ta san inda za ta kwana, ta san jirgin da zai biyo baya, kuma ko kularta ba za ta koma ɗauka ba. Sai ta tuna hutun ba ya jiran kowa.

Ta bar kula a buɗe ta shiga. Askari ɗaya ya ɗago ya dube ta, tsohuwa baƙa da abaya mai ƙurar gyaɗa. Ba ta dube shi ba. Ta wuce tana jiran a kira ta, ba a kira ba.

Ta ratsa ta gefen fili har gaban rumfa, mace ɗaya tilo a cikin waya. Hira ta tsaya. Marwan ya taso da sauri.

"Inna Hure, don Allah, ba nan ba..."

"Matsa."

"Me kuma kike so? An yi masa komai! Kin ga allon?"

"Na gani. Ka rataya a shagonka." Ta tsaya a gaban tsohon. "Kaftin, tashi."

"Hajiya, mutane..."

"Mutanen nan sun zo cin dabino ne. Naka mutanen suna can a ƙasa. Tashi, na ce, ba ni da lokaci, kai ma ba ka da shi."

Ba za ta kama hannun namiji ba. Ta sunkuya ta ɗauki sandarsa da ke jingine, ta riƙe ƙarshen da ke taɓa ƙasa, ta miƙa masa mariƙin. Ya dubi sandar, ya dubi akwatin da ke cinyarsa. Mai unguwa, wani dattijo mai jan gemu, ya miƙa hannu ya ɗauke akwatin ya ɗora a tasa cinyar.

Kaftin ya kama sanda ya miƙe.

Haka suka tsallaka filin ta tsakiya, ita a gaba shi a baya yana ɗingishi, sanda a tsakaninsu. Daga ɓangaren Rusaifa wani ya fara waƙar, 'yan kaɗan suka amsa. Hure ta tsaya cak a tsakiyar fili ta juya ta watsa musu daƙuwa da hannun da ba ya riƙe da komai. Dariya ta ɓarke ko'ina, waƙar ta nutse a ciki.

A benci Muhannad ya daskare da allon zanensa a hannu. Yaran suka ɗago. Muhannad ya kai hannu wuyansa zai cire usur.

"Bar shi," in ji Kaftin. "Ba a busa usur a benci. Me ka faɗa musu?"

Muhannad ya nuna masa allon, yana bayani da sauri. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Daidai ne. Haka za a yi." Sannan ya juya ga ɗan bayan hagu, wani dogo mai suna Tijjani. "Kai! Jaki! Sau nawa zan ce kada ka kalli ƙafarsa? Kalli cikinsa! Ƙafa tana ƙarya, ciki ba ya ƙarya!"

Tijjani ya washe baki kamar an yi masa albishir.

Hure ta saki sandar ta koma waje. Yara sun sha mata zoɓo sun gudu, ba ta ko ƙirga ba.

A rabi na biyu Kaftin bai zauna ba. Ya tattare jallabiyar ya ɗaure a ƙugu, yana bin layi da sanda, yana zagi da Hausa da Larabci da yarensu, Muhannad na gefensa yana nasa ihun. Muryarsa ta dishe. Ana dab da tashi 'yan Rusaifa suka samu bugun kwana, wani ya sa kai, ta shiga. Ɗaya da nema. Ba a rama ba.

Yaran suka zube a ciyawa suna kuka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dungure musu kai da sanda, sai sun tashi. Ya jera su, ya kai su suka gaisa da waɗanda suka ci su, shi a ƙarshen layi.

Ana kiran magariba ya fito ya same ta tana ɗaure kula. Farar rigar ta yi baƙi da gumi. Ta tsiyayo masa ɗan abin da ya rage a ƙasan kula, ya shanye a tsaye.

"An ci mu, Hajiya."

"Na gani. Da ka tsaya tun farko da ba a ci ku ba."

"Da an ci mu," in ji shi. "Sun fi mu gudu." Ya goge baki. "Amma na buga. Wancan wasana na ƙarshe a Dhaka, a kan makara aka fitar da ni, ban ga ƙarshensa ba. Wannan na gani."

"Rabi ka gani. Rabi suka ba ka, su da suka ci shekara ashirin ɗinka cur."

"Rabi da yawa ne."

"A wurinka. Ni ban yafe ɗaya rabin ba."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ta ɗora tire a ka, ta ce ya kama mata kunnen kula ɗaya zuwa bakin titi, kuma ya yi a hankali da wannan ruɓaɓɓiyar gwiwar tasa.